Zarto mai inji a ƙasar gawo: wane iri ne ya dace da aikin kullum?

Kowace shekara, idan damina ta kawo kai a jahar Damagaram, iska ce ke riga ruwa isowa. Ita ke karya rassan dogon yaro a unguwannin Zango da Sabon Gari, ta kayar da tsofaffin itatuwa bisa katangu da wayoyin lantarki, wani lokaci ma ta gitta kututture a kan hanyar mota. A irin wannan rana ce jama'a ke cigiyar mai zarto mai inji, wanda wasu ke kira injin yankan icce, domin aikin da majiya ƙarfi uku za su wuni suna yi da gatari, shi yakan gama shi tun rana ba ta yi zafi ba.

Har yanzu dai gatari da adda su ne makaman manomi da makiyayi, kuma babu alamar za a ajiye su. Amma injin ya samu shiga hannun masu sana'ar icce, da masu gyaran itatuwan bakin hanya, da masu garake a kwarin Korama. Duk wanda ya tara kuɗinsa zai saya, tambaya ɗaya ce ke gabansa: wane iri? Da yawa sun ɗauka cewa wanda ya fi girma da ƙara shi ya fi kyau. Aikin yau da kullum a wannan ƙasa bai goyi bayan wannan zato ba.

Nauyi shi ne farkon magana

Tarihin wannan na'ura kusan dukkansa tarihin rage nauyi ne. A shekara ta 1926 wani Bajamushe mai suna Andreas Stihl ya ƙera zarto mai aiki da lantarki, a 1927 kuma Emil Lerp, wanda ya kafa kamfanin Dolmar, ya fito da mai aiki da esansi. Waɗannan na farko sai mutum biyu ke iya ɗaukarsu, ɗaya a kai ɗaya a gindi. Sai a 1949 kamfanin McCulloch na Amurka ya fito da wanda nauyinsa bai wuce kilo 11 da ƴan kai ba, wanda mutum guda ke iya sarrafawa. Bayan shekara goma, a 1959, Stihl ya fito da nasa mai suna Contra, mai kilo 12. Daga nan aikin daji ya sake kama a duniya.

A Afirka ta Yamma babu injin da ya kai Stihl 070 suna. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera shi, girman injinsa ya haura cm³ 100, nauyinsa kuma ya kai kilo 15 tun ba a ɗaura masa dogon ƙarfen nan mai kama da takobi, wanda sarƙa ke zagayawa a kansa, ba a kuma zuba masa mai ba. A dazuzzukan kurmi, a kudancin Najeriya da Gana da Kamaru, da shi ake kayar da manyan itatuwa a tsaga su katako nan take. Can ya dace. Amma ƙasar Damagaram ba ta da irin waɗannan itatuwa da za a tsaga. Katakon da kafintocin birni ke aiki da shi daga kudu motoci ke hawo da shi. Abin da ke nan shi ne reshen da iska ta karya, da busasshen icce da za a yanka gunduwa-gunduwa, da dogon yaron da ya rufe rufin makaranta. Ɗaukar injin kilo 15 zuwa irin wannan aiki kamar ɗaure wa akuya sirdin doki ne.

Wanda ya dace da aikin kullum shi ne matsakaici, mai girman inji tsakanin cm³ 40 da 55, wanda nauyinsa ke kewayen kilo 5, da takobi mai tsawon santimita 40 ko 45. Takobi mai wannan tsawo yana iya raba kututturen da kaurinsa ya kusa ninka shi, in an yanka ta gefe biyu. Bambancin kilo 5 da kilo 15 ba ya bayyana a shago lokacin ciniki. Yana bayyana ne bayan azahar a watan Afrilu, sa'ad da zafi ya haura digiri 40, hannu ya mutu, ƙugu ya riƙe. Mai aikin da ya gaji shi ke sakin jiki, kuma yawancin raunuka a irin wannan lokaci suke aukuwa. Doguwar takobi ma tana da nata laifi: tana cin ƙarfin inji, tana ƙara yawan haƙoran da za a wasa, kuma bakinta ya fi saurin taɓa ƙasa.

Ƙura da mai

Injin da aka zana domin dazuzzukan Jamus ko Suwidin, inda ƙasa ke da danshi, idan ya iso nan sai ya tarar da abokin gaba da bai sani ba, wato ƙura. Daga watan Nuwamba zuwa Maris hunturu na ɗauke da rairayi mai laushi kamar gari. Idan ya ratsa matacin iska ya shiga ciki, sai ya riƙa goge fistin da zobbansa kamar magagari, har injin ya rasa matsi ya ƙi tashi. Saboda haka mai saye ya fara duba matacin iska kafin ya dubi fenti: shin murfinsa na buɗuwa da hannu ba sai da sukudireba ba? Shin ya zauna daram, ba ya barin kafa a gefe? Shin ana iya wanke shi a shanya a mayar? Matacin da ke da wuyar kaiwa gare shi ba a share shi, wanda ba a sharewa kuwa shi ke kashe inji. Haka nan ƴan fika-fikan ƙarfe da ke kewaye da kan injin, su ke fitar da zafi tunda ba ruwa ke sanyaya shi ba. In garin icce ya haɗu da mai ya toshe su, injin na iya ƙonewa yana tsakiyar aiki.

Sai maganar mai, wadda ta fi kowace halaka injuna. Wannan inji irin na tsofaffin babura ne masu hayaƙi: ba shi da ma'ajiyar baƙin mai a cikinsa, sai an gauraya masa mai na musamman cikin esansi. Manyan kamfanoni sun ƙayyade kashi 1 cikin 50, wato mililita 100 a lita 5, in dai man mai kyau ne. Yawancin injunan ƙasar Sin masu araha kuma kashi 1 cikin 25 suke nema, wato mililita 200 a lita 5. Awon ido ba ya aiki a nan. Sirinji ko ƴar kwalba mai zane ta fi. In man ya yi kaɗan fistin ya kama, in ya yi yawa buji, wanda masu koyon sana'a a Kano ke kira fulogi, ya yi baƙi injin ya riƙa tari. Gaurayen da ya wuce wata guda a jarka shi ma ya fara lalacewa.

Tun watan Nuwamba na 2011 matatar SORAZ da ke Bakin Birji, arewa da birnin Damagaram, ke tace ɗanyen man Agadem, kuma an gina ta ne domin ganga 20.000 a kowace rana. Duk da haka esansin kwalba na bakin hanya bai ɓace ba, kuma a ƙauye sau da yawa shi ne na kusa. Kwalbar da ta wuni a rana da ƙura ba a rasa ta da datti ko ɗigon ruwa. Injin da ya cancanci yabo shi ne wanda ke da ƴar matata a cikin tankinsa da ake iya zaro ta da waya a sauya, da kafireton da bakaniken babur zai iya kwancewa ya busa ya mayar. Tace man da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba ba ya cin ko dala.

Akwai tanki na biyu, na man da ke jiƙa sarƙa. Al'adar da ta yaɗu ita ce zuba masa baƙin man da aka juye daga mota, don ana samunsa kusan kyauta a gareji. Wannan man cike yake da ɓarɓashin ƙarfe, yana cinye famfon mai da takobi, ga shi yana fantsama a jikin mai aiki da kuma a raunin iccen da aka yanka. Sabon man inji, ko da mafi araha ne, ya fi shi nesa ba kusa ba.

Sarƙa ce ke yanka

Ƙarfin inji ba ya amfana komai in haƙora sun dakushe. Siffar haƙorin da ake amfani da shi yau wani ma'aikacin daji ne na jihar Oregon a Amurka, Joseph Cox, ya samo ta, bayan ya tsaya ya lura da yadda tsutsar wani ƙwaro ke cin icce da muƙamuƙanta, dama da hagu. A 1947 ya fara ƙera sarƙar a gidansa. Manomin da ya ga yadda ƙwaro ke mayar da dirkar rumbu gari ba zai yi mamakin wannan labari ba.

Haƙora iri biyu ne. Akwai mai kusurwa tsaye, wanda ya fi sauri a icce mai tsabta, akwai kuma mai kusurwa a lanƙwashe, wanda ya ɗan fi jinkiri amma ya fi daɗewa da kaifi. Na biyun shi ne na wannan ƙasa, domin ɓawon kowane icce a nan cike yake da rairayin da iska ta cusa masa. Itatuwan kuma ba ɗaya suke ba. Gawo da dogon yaro ba su da gardama. Kirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita maƙera kuma ke son gawayinta, da marke, da busasshiyar tsamiya, waɗannan suna cin kaifi. Giginya da goruba kuwa jikinsu zaruruwa ne masu tauri da ke dakusar da sarƙa cikin ɗan lokaci.

Alamar kaifi a bayyane take: sarƙa mai kaifi tana zubar da ɓarɓashi manya kamar ɓawon gyaɗa, dakusasshiya kuwa gari take fitarwa, mai aiki ya riƙa danna ta da ƙarfi har hayaƙi ya tashi. Gwani ba ya jiran haka. Duk sa'ad da ya tsaya zuba mai, sai ya bi kowane haƙori da zagayayyen magagari sau biyu ko uku, a karkace kamar digiri 30. Magagarin ma kowace sarƙa da nata, daga milimita 4 zuwa 5,5, kuma wanda bai dace ba ɓata haƙori yake yi. Don haka kafin a biya kuɗin inji a tambayi mai shago ko yana da magagarinsa da sarƙarsa ta canji.

Kayan gyara

A nan ne zaɓi ke yin wuya. A gefe guda ga Stihl na Jamus da Husqvarna na Suwidin, masu ƙarko da tsada. A ɗaya gefen ga injunan Sin da aka fi sani da lambobin 5200 da 5800, waɗanda aka kwaikwayo daga wani samfurin Japan, ake sayar da su da sunaye barkatai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: igiyar tayarwa na tsinkewa, roba na fashewa, famfon mai na mutuwa. Amma suna da wata fa'ida da ba a raina ta, wato kusan dukkansu ƙira ɗaya ce, kayan wannan na shiga wancan, kuma kayan na da araha. Inji mai daraja da ya kwanta wata biyu yana jiran wani ƙaramin ƙarfe daga Yamai ko Kano, a lokacin da aiki ya fi yawa, bai fi mai arahar da aka gyara da yamma a kusa da kasuwar Dole ba. Wanda zai yi aiki kowace rana, shekara da shekaru, kuma ya san inda zai samu kayan asali, gara ya daure ya sayi mai tsadar. Wanda zai tayar da inji sau biyu a wata, mai arahar ya ishe shi.

Abin gudu shi ne na uku, wato jabu: injin araha da aka shafa wa launin babban kamfani aka manna masa sunansa, ake neman kuɗin na asali a kansa. Na asali yana da lambar ƙira da aka buga a jikin ƙarfensa, yana zuwa da littafinsa, kuma farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai shi kansa shaida ne.

An fara ganin masu aiki da batir. Ba su da hayaƙi, ba su neman gauraye, ƙararsu kaɗan ce, kuma don sassabe a garka ko a cikin gida sun wadatar. Sai dai rayuwarsu na rataye da caji. Mutanen Damagaram da Maraɗi ba su manta ba da yadda aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya tun daga watan Agusta na 2023 har zuwa Maris na 2024. Mai faifan hasken rana a gida shi zai fi jin daɗinsu.

Abin da ke kare mai aiki

Sarƙa na gudun kusan mita 20 a cikin daƙiƙa guda. Idan saman bakin takobi ya taɓa wani abu, injin kan yi tsalle ya komo wajen fuskar mai riƙe da shi kafin ya ƙifta ido. Domin wannan ne aka ƙirƙiro birkin sarƙa a farkon shekarun 1970, wato marikin nan da ke gaban hannun hagu, wanda in ya motsa sarƙa ke tsayawa cik. Tsofaffin samfura irin 070 da yawa ba su da shi. Injin aikin kullum kada ya rasa shi, kuma a gwada shi a gaban mai shago. A duba kuma ko an raba mariƙi da inji da roba ko waya mai lanƙwasa, domin girgizar yini guda na kashe yatsu. Ƙararsa ta haura desibel 100, alhali abin da ya wuce 85 in ya daɗe yana rage ji, ragin da ba ya dawowa.

Tufafin ƙasar nan ma sai an kula. Babbar riga, da jelar rawani, da silifa ba su tafiya da wannan aiki. Haka nan makiyayin da ya saba hawa gawo da gatari a kafaɗa kada ya ɗauka zai hau da inji ya riƙe shi da hannu ɗaya.

Gawo da doka

Ba a iya maganar yankan icce a Damagaram ba a ambaci gawo ba. Tarihin baka ya riƙe cewa Sarkin Damagaram Tanimu ɗan Sulaiman, wanda ya yi sarauta har zuwa 1884, wanda ya kewaye Birni da garu maƙeransa kuma suka ƙera igwa, ya kafa doka mai tsanani a kan gawo, har ana cewa wanda ya sare shi ba da izini ba yana iya rasa hannunsa ko ransa. Sarkin ya san abin da manoma suka sani: gawo na zubar da ganye da damina, ya bar hatsi ya sha rana a ƙarƙashinsa, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi kore ya ba dabbobi inuwa da ƴaƴa.

Turawan mulkin mallaka da dokarsu ta 1935, sannan dokar daji ta 1974, sun mayar da itatuwa ƙarƙashin ikon hukuma, aka jera gawo da giginya da goruba da tsamiya da kuka da maɗaci cikin waɗanda aka hana sarewa. Manomi ya ga iccen gonarsa ba nasa ba ne, sai ya daina renonsa. Bayan farin 1973 da na 1984, da taron Maraɗi na watan Mayun 1984 kan yaƙi da hamada, al'amari ya juya. Manoma suka koma barin tsiron da ya fito da kansa a gona, suna rage masa rassa har ya miƙe. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka yi a 2006 ya kiyasta cewa a gundumomin Magarya, Matamaye da Mirya kaɗai, gonakin da itatuwa suka komo cikinsu ta wannan hanya sun kai hekta miliyan guda, mafi yawansu gawo. Dokar daji ta 8 ga Yuni 2004 ta zo ta ƙara wa jama'ar karkara hannu a kan itatuwan yankinsu.

Wannan dukiya ce zarto mai inji ya tarar, kuma yana iya yi mata hidima ko ya yi mata ɓarna. Wajen sassabe ya fi gatari. Gatari na farfasa reshe, ya yage ɓawo, ya bar rauni mai kwarmi inda ruwa ke kwanciya ruɓa ta shiga. Zarto kuwa, in an fara ɗan yanka ta ƙasan reshen, sannan aka gama ta sama, aka kuma daidaita guntun kusa da jiki ba tare da an shafe wuyan reshen ba, yana barin wuri sumul da icce ke rufewa da kansa. Matsakaicin inji mai gajeren takobi shi ke iya wannan aiki. Ta ɗaya fuskar kuma, gawon da ya shekara talatin yana girma, wanda mai gatari zai daɗe yana sara har mai gona ya ji ya iso, inji na kwantar da shi cikin ƴan mintoci. Abin da ya rage wa mai gona shi ne ƙarar, wadda ake ji daga nesa, ba ta kuma ɓoyuwa ko da dare.

Maƙwabta sun riga sun ɗanɗana. Gana ta haramta tsaga katakon sayarwa da wannan inji tun 1998, jihar Kano kuma a 2025 ta hana amfani da shi ba tare da takardar izini ba. Injin da aka matsa wa a can ba shi da nisa da Magarya ko Matamaye. A Nijar, safarar icce da cinikinsa na ƙarƙashin dokar 1992 wadda ta kafa kasuwannin icce na karkara, kuma sare iccen da aka kare yana bukatar izinin ma'aikatan gandun daji, ko da gatari ne ko da inji. Mai hayar inji ya nemi takardar tun kafin ya kira mai aiki, ya nuna masa rassan da za a cire ɗaya bayan ɗaya, ya kuma kori yara da dabbobi zuwa nisan da ya ninka tsawon iccen sau biyu kafin a ja igiya.